Sun Saka Fuskata a Tallarsu, Kuma Su Ne Masu Ihun Kada a Taɓa Hotunansu

Anti, barka da aiki. Ranar da muka kammala karatu wata ƙawata ta ɗauke ni hoto da wayarta, ya yi kyau, na ɗora a Instagram. Kwanan baya wata da muka yi aji ɗaya ta kira ni tana tambaya ko da gaske man da nake tallatawa yana aiki. Na ce wane mai? Ta turo mini. Ashe wani shafi mai sayar da kayan gyaran fata ne ya ɗauki hoton, ya ƙara wa fuskata haske, ya manna tambarinsa a kafaɗata, ya rubuta a ƙasa wai ni na ce cikin sati uku na ga canji. Ko kwalbar man ban taɓa gani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a saman shafin sun kafe sanarwa cewa duk hotunansu mallakarsu ne, wanda ya kwafa zai haɗu da lauyoyinsu. Watan jiya ma sai da suka tozarta wata ƙaramar 'yar kasuwa don ta ɗauki hoton kayansu. Na yi musu magana ta akwatin saƙo, suka ce duk abin da aka saka a intanet na kowa ne, in ma gode sun tallata ni kyauta, sannan suka toshe ni. Yayana ya ce ni na jawo wa kaina, in goge komai in rufe shafina. Ƙawayena sun ce mu nemo hoton mai shafin mu yi mata yadda ta yi mini. Ni kuma akwai abin da ke cina a rai: ni ma nakan ɗauko hotuna a Google in yi rubutu a kansu in ɗora, ban taɓa tambayar kowa ba. To ina da bakin magana kuwa?

Ƙanwata,

Kina da bakin magana, har da na kai ƙara. Amma kafin ki sake ce musu uffan akwai aikin da za ki yi cikin shiru, don irin waɗannan mutane da sun ji alamar rigima sai su goge abin su ce ba a taɓa yi ba, bayan kwana biyu kuma ki gan shi ya ɓulla a wani wurin.

Tunda sun toshe ki, ki ari wayar wadda ta turo miki. Ki ɗauki sikirinshot na tallar yadda za a ga sunan shafin, da ranar da aka ɗora, da ƙaryar da aka rubuta a ƙasa. Ki kwafi adireshin tallar ita kanta, ba na shafin gaba ɗaya ba, domin shi za a fara tambayarki duk inda kika kai kuka. Ki ɗauki sanarwar da suka kafe a sama, da inda suka tozarta waccan baiwar Allah, da amsar da suka ba ki. In suna da shafin kansu na intanet banda na Instagram, akwai ma'ajiyar Wayback Machine ta Internet Archive: kina liƙa mata adireshi za ta adana kwafin shafin haɗe da kwanan wata. Ki leƙa kuma rumbun tallace-tallace na Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, inda kowa ke iya ganin tallar da shafi ya biya kuɗi ana yaɗa masa. Ta nan za ki san ko fuskarki a shafinsu kawai take, ko kuɗi suke zubawa tana shiga wayoyin mutanen da ba su ma san shafin ba. Daga nan ki saka hoton a Google Lens ko TinEye ki ga inda ya kai. Masu wannan sana'a suna sata daga juna, kada ki yi mamaki in kin tarar fuskarki tana sayar da man wasu daban.

Sai ki kira ƙawarki da ta ɗauke ki hoton ta duba ko ainihin hoton yana nan a wayarta. Hoton asali yana ɗauke da bayanan da ido ba ya gani: rana, da sa'a, da irin wayar da ta ɗauka. Wanda aka sauke daga Instagram, ko aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, ya rasa su, saboda haka ta turo miki shi a matsayin fayil, ko ta imel. Kada kuma ta goge sauran da ta ɗauka a jere cikin wannan minti, wanda kika lumshe ido, da wanda iska ta karkatar miki da hular kammala karatu, da wanda wani ya gifta ta baya. Waɗannan da kuka ƙi ɗorawa don ba su yi kyau ba, su ne shedar da ɓarawo ba zai taɓa samu ba.

Dalilin da ya sa na dage a kan ƙawarki zai ba ki mamaki, wataƙila ma ya sosa miki rai. A dokar haƙƙin mallaka, hoton nan ba naki ba ne, nata ne. Kusan ko'ina a duniya wanda ya saita kyamara ya danna shi ke da hoto, ko fuskar wa ke ciki, sai dai in ma'aikaci ne ya ɗauka a bakin aikinsa, ko an rubuta wata yarjejeniya daban. Ba ta buƙatar tambari, ba ta buƙatar kafe sanarwa. Tana dannawa haƙƙin ya tabbata. Ƙa'idar tana cikin Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a Suwizalan a 1886, yau kuma ƙasashe sama da 180 suna cikinta. Manyan taurari ma ta sha ba su kunya. A 2019 wani kamfanin hotuna ya maka fitacciyar mai tallar tufafi Gigi Hadid a kotu a New York don ta ɗora hoton kanta a Instagram, wanda wani mai farautar taurari ya ɗauke ta a titi. An kori ƙarar, amma ba don fuskarta ce a ciki ba. Kamfanin ne bai kammala rajistar hoton ba kafin ya tafi kotu, kuma dokar Amurka ta sa wannan sharaɗi ga mai son shigar da ƙara.

Ke naki haƙƙin daban ne: fuskarki, da sunanki, da maganar da aka saka miki a baki. Abin da aka yi miki ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1902 babbar kotun jihar New York ta yanke hukunci a ƙarar wata budurwa mai suna Abigail Roberson, wadda wani kamfanin fulawa ya buga hotonta a takardun talla kusan 25,000 aka manna a shaguna da wuraren taruwar jama'a, ita ba ta sani ba. Ta faɗi shari'ar, alƙalai huɗu cikin bakwai suka ce babu dokar da ta hana. Mutane suka fusata, sai ga shi a 1903 majalisar jihar ta kafa dokar da ta haramta saka suna ko hoton mutum mai rai a talla in ba da rubutaccen izininsa ba. Jamus ma ta yi tata a 1907, bayan wasu masu hoto biyu sun saci jiki sun shiga ɗakin da gawar Bismarck, tsohon shugaban gwamnatin ƙasar, take a 1898 sun ɗauke ta. A Tarayyar Turai, tun Mayun 2018 dokar kare bayanan mutum ta GDPR ta ba mutum damar ya nemi a goge bayanansa, hoton fuska kuwa yana cikinsu. Sai dai wannan haƙƙi kowace ƙasa da ƙofar da take shigar da shi: wata ta dokar kare bayanai, wata ta ɓata suna, wata ta haramcin tallar yaudara. Lauya a inda kike zaune shi zai faɗa miki wacce ce taku. Abin da na tabbata shi ne ƙirƙirar shedar ƙarya a jingina wa mutum don a sayar da kaya yaudarar masu saye ce, kuma wannan ya fi satar hoto zalla nauyi.

To me ya sa ban ce ki fara da naki ba? Saboda kamfanonin intanet sun fi jin tsoron na ƙawarki. A 1998 Amurka ta kafa dokar da ake kira DMCA, wadda ta ce ba za a kama kamfanin da ke ɗaukar kayan jama'a da laifin satar da masu amfani da shi suka yi ba, muddin ya cire abin da gaggawa idan mai haƙƙi ya sanar da shi. Yawancin manyan shafukan nan a Amurka suke, don haka kowanne ya tanadi fom na musamman da ma'aikatan da ke duba irin wannan ƙorafi, kuma doka ta tilasta musu su riƙa rufe asusun wanda ake ta kamawa yana maimaitawa. Ƙorafin “an ci mutuncina” kuwa yakan daɗe a layi, wani lokaci ya dawo da amsar cewa ba a ga inda aka saɓa ƙa'ida ba. Ni ban ga adalci a nan ba, a ce wadda ta danna waya ta riga wadda aka yi wa ƙarya samun amsa. Amma ƙofar da ke buɗe ke nan, ta nan za mu shiga.

Maganarsu ta cewa abin da aka saka a intanet na kowa ne, su ma sun san ba haka ba ne. Wanda ya shanya wanki a igiya inda kowa ke gani bai ce a kwashe ba. Da kika buɗe asusu a Instagram kin yarda da sharuɗɗansu, kuma abin da ke ciki shi ne hoto yana nan na mai shi, kamfanin ne aka ba lasisin ya ajiye, ya nuna, ya yaɗa. Wannan lasisi bai ba mai sayar da mai damar ya sauke ya yi talla da shi ba. An ma gwada wannan hujja a kotu, kuma ba ƙananan mutane ne suka gwada ba. Ranar 12 ga Janairun 2010, da girgizar ƙasa ta rugurguza Haiti, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya ɗora hotunan da ya ɗauka ta Twitter. Wani ya kwafe su ya saka a nasa asusun, kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya ɗauka daga nan, kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ya rarraba wa jaridun duniya. Da Morel ya yi magana, AFP ne ma ya riga shi zuwa kotu, yana cewa sharuɗɗan Twitter sun ba shi dama. Alƙaliya ta ce ba su ba shi ba. A Nuwamban 2013 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce da gangan aka yi, suka ba Morel dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas, wato dala 150,000 kowanne, iyakar abin da dokar Amurka ta yarda a ci wanda ya yi da gangan. Ki lura da su waye: kamfanonin da abincinsu ke nan, sayar da lasisin hoto, kuma Getty ya yi suna wajen aika wa mutane takardar neman kuɗi in ya ga hotonsa a shafinsu.

Wannan ya kawo mu ga abin da kika ce ya fi ƙona miki rai. Na fahimce ki sarai. Da ɓarawo ne kawai wanda bai san komai ba, da sauƙi. Amma mutum ya manna tambarinsa a kafaɗarki, wato yana gargaɗin wasu kada su sata masa abin da shi ya sato, wannan yana tafasa zuciya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a harkar haƙƙin mallaka tudun nan ya cika da mutane. A 2009 Faransa ta kafa hukuma sukutum, Hadopi, don ladabtar da masu sauke waƙoƙi da finafinai ta bayan fage. A Janairun 2010, da aka ƙaddamar da tambarin hukumar, sai masu ido suka gano cewa salon haruffan da aka rubuta shi da su an ƙirƙire shi ne don kamfanin France Télécom shi kaɗai, ba a kuma nemi izinin kowa ba. Dole aka sake tambarin. Abin da na lura shi ne mutum yakan san wahalar da ya sha a kan nasa, ya san fitilar da ya saya da awannin da ya ɓata kafin hoton kwalba ɗaya ya fito, amma na wani yana ganin kamar daga sama ya faɗo cikin wayarsa. Amsar da suka ba ki kuma, ta “ki gode mun tallata ki”, tabarmar kunya ce ake naɗewa da hauka.

Sai dai ki ji ni da kyau, ƙanwata: munafuncinsu ba shi ne ƙararki ba. Ma'aikacin da zai duba fom ɗinki bai damu da ko su mutanen kirki ne ba, tambayarsa biyu ce, hoton wa ne, kuma an ba da izini ko ba a ba da ba. In kika cika takardarki da labarin yadda suka wulaƙanta wata, kin binne abin da ake nema a ƙarƙashin abin da ba a tambaye ki ba. Amfanin munafuncin nasu guda ɗaya ne, amma babba ne: ya toshe musu hanyar cewa ba su sani ba. Wanda ya rubuta da hannunsa cewa hoto yana da mai shi, har ya yi barazana da lauya, ba zai tsaya gaban alƙali ya ce shi a zatonsa komai na intanet kyauta ne ba. Kin ga a shari'ar Morel yadda “da gangan” ta ɗaga kuɗin zuwa ƙololuwa. Don haka sikirinshot ɗin sanarwarsu ki adana shi kamar takardar gado, ki ambace shi a layi ɗaya, sauran ki bar wa lauya in abin ya kai can.

Ga yadda za ku yi. Ƙawarki ta cika fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na Instagram, yana cikin sashen taimako nasu. Za a nemi sunanta, da imel, da adireshin tallar, da inda hoton asali yake, sannan ta tabbatar cewa abin da ta faɗa gaskiya ne. In ba ta son shiga rigima, ta rubuta miki takarda ta sa hannu cewa ta wakilta ki, ko ma ta mallaka miki haƙƙin hoton gaba ɗaya. A yawancin dokoki mallakawa sai a rubuce take inganta, “ai na bar miki” ta baki ba ta isa ba. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki cika fom ki ce ke kika ɗauka. Ƙarya a irin wannan takarda tana da hukunci, kuma kin miƙa musu sandar dukanki. Ku kuma san wannan tun kafin ku tura: Meta yakan ba wanda aka kai ƙara sunan mai haƙƙi da adireshin imel ɗin da aka yi amfani da shi. Ku buɗe sabon imel don wannan aiki kawai, kada ku saka wanda ke haɗe da bankinku da sauran harkokinku.

A ranar kuma ke ki kai naki ƙorafin da sunanki, ta fom ɗin keta sirri da kuma wurin kai rahoton tallar yaudara. Ki nemi imel ɗin kasuwancinsu ki tura musu saƙo guda, gajere, ba zagi ba roƙo:

“Hoton da kuka ɗora a wannan adireshi ranar kaza, ni ce a ciki, wance ce ta ɗauka. Ba ni ba ita, babu wadda ta ba ku izini. Maganar da kuka jingina mini ban faɗe ta ba, ban kuma taɓa amfani da kayanku ba. Sanarwar da ke saman shafinku ta nuna kun san hoto yana da mai shi. Ku cire shi daga duk inda kuka saka cikin kwana uku, ku tabbatar mini a rubuce.”

Ba don ina sa ran za su ji ba ne, don ya zama akwai rubutacciyar sheda cewa an faɗa musu. In hoton yana shafinsu na intanet, to akwai kamfanin da ke ajiye musu shafin a kwamfutocinsa, binciken WHOIS, wato duba bayanan rajistar adireshin shafi, yakan nuna hanyar zuwa gare shi, shi ma yana karɓar irin wannan ƙorafi. Google kuma yana da fom na cire adireshi daga sakamakon bincike, sai dai yakan tura kwafin ƙorafin zuwa wani rumbu mai suna Lumen wanda jama'a ke iya dubawa. Masu man nan suna iya mayar da martani su ce hoton nasu ne. A tsarin DMCA, in sun yi haka a rubuce, kamfanin zai iya mayar da hoton bayan kwanakin aiki 10 zuwa 14, sai in mai haƙƙi ya nuna ya shigar da ƙara. Ba kasafai ɓarawo ke kai wa nan ba, don sai ya ba da sunansa na gaskiya da adireshinsa, ya kuma yi rantsuwa a kan abin da ya san ƙarya ne.

Shawarar ƙawayenki ki ajiye ta. Na san suna ƙaunarki ne, amma ranar da kika ɗauki hoton matar nan kika yi rubutu a kai, kin zama abin da kike ƙara, ita kuwa ta fi ki sanin hanyar fom ɗin nan, tunda ta saba bi. Asusunki za a rufe, nata yana nan. Tara mutane su cika shafinta da zagi shi ma ba ya taimakonki, don manhajar ba ta bambance zagi da yabo, tana ganin ana ta magana a ƙarƙashin hoto sai ta ƙara nuna wa mutane shi. A 2003 mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta kai ƙarar wani mai hoto tana neman dala miliyan 50, saboda hoton gidanta na bakin teku yana cikin dubban hotunan gaɓar Kalifoniya da ya ɗauka daga sama. Kafin ƙarar sau shida kacal aka sauke hoton, biyu daga ciki lauyoyinta ne. Wata guda bayan labarin ya fita, mutane sama da 420,000 suka ziyarci shafin, ta kuma faɗi shari'ar.

Wannan ba ya nufin ki yi gum. Akwai waɗanda suka san ki, kamar wadda ta kira ki, da za su iya sayen man nan su shafa don sun ga fuskarki, alhali ba ke ba su, babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Ki rubuta layi biyu a shafinki: ban taɓa tallata wani man fata ba, duk inda kuka ga hotona a irin wannan talla ba da sanina ba ne. Kada ki saka adireshinsu, kada ki sake ɗora tallar.

Yanzu tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ta fi burge ni a wasiƙar. Laifinki da nasu ba ɗaya ba ne. Ke ba ki ƙirƙira wa kowa magana ba, ba ki canza wa kowa launin fata ba, ba ki ci kuɗi da fuskar wani ba. Kuma ko da kin fi haka laifi, bai halasta abin da aka yi miki ba. Ba a tambayar wanda aka yi wa sata ko shi waliyyi ne kafin a karɓi kukansa. Amma ba zan shafa miki mai a baki ba: hoton faɗuwar rana da kika ɗauko kika yi rubutu a kai, shi ma wani ne ya tsaya ya saita ya danna, kamar yadda ƙawarki ta yi. Google ba shi da hotunan nan, nuna miki inda suke kawai yake yi, har yakan rubuta a ƙasa cewa mai yiwuwa suna da mai su. Rubuta sunan mai hoto ma ladabi ne, bai zama izini ba. Ki zauna ki tsabtace shafinki, ba don tsoron kada su tono ba (ko da yake za su iya), sai don kin ɗanɗana yadda abin yake. Nan gaba ki riƙa ɗauka da wayarki, ko ki nema a rumbunan hotunan kyauta irin su Wikimedia Commons, ko Unsplash, ko Pexels, ki karanta sharaɗin kowane hoto. Lasisin Creative Commons, wato izinin da mai hoto ke ba jama'a su yi amfani da hotonsa bisa sharaɗi, wanda aka fara fitarwa a 2002, yana da nau'o'i, wani ya yarda a yi kasuwanci da hoton, wani bai yarda ba. In akwai fuskar mutum a ciki ki ƙara taka-tsantsan. A 2007 kamfanin waya na Virgin Mobile a Ostireliya ya ɗauko hoton wata yarinya 'yar Amurka daga shafin ɗora hotuna na Flickr ya saka a allunan talla, yana dogaro da cewa mai hoton ya sake shi da lasisin da ya yarda da kasuwanci. Mai hoton ya yarda, yarinyar da iyayenta kuwa ba wanda ya tambaye su, sai a intanet suka ji labari.

Shi kuma yaya, kishinki ne ya sa shi magana, sai dai ya ɗora kayan a kan wadda ba ita ta ɗaure ba. Rufe shafinki ba zai sauke tallar ba, hoton yana hannunsu tuni. Abin da gogewa za ta yi kawai shi ne ta share shedar cewa ke kika fara ɗora shi, da ranar da kika ɗora. In ba kya son a ci gaba da ganinsa, Instagram yana da wurin ɓoye hoto ba tare da an goge shi ba, amma ki bari sai an gama duba ƙorafin. Mayar da shafi na mabiya kaɗai yana rage ɓarayi, ba ya kawar da su, tunda duk wanda ke gani yana iya ɗaukar sikirinshot. Ki faɗa masa haka cikin ladabi, sannan ki ba shi aiki: in ta kama a je wurin lauya, shi zai raka ki. Sau da yawa mai faɗa irin nasa rasa abin yi ne ya sa shi faɗan.

Akwai yiwuwar da sun ga an sauke tallar, an kuma aiko musu gargaɗi a asusunsu, su buɗe ki su zo da lallashi, har da tayin kuɗi ko kyautar kaya don ku janye ƙorafin. Karɓar diyya ba abin kunya ba ne, sun ci riba da fuskarki da aikin ƙawarki, kuma ita ma tana da kaso a ciki. Amma kada ki sa hannu a komai sai lauya ya karanta, ki kuma duba musamman kada a cusa layin da ya ba su damar ci gaba da amfani da hoton, ko wanda ya hana ki faɗa wa mutane cewa maganar ba taki ba ce. Kada ku janye ƙorafin sai kuɗin ya shigo, an kuma cire hoton a ko'ina. Bayan wata ɗaya ko biyu ki sake saka shi a Google Lens ki duba.